Ɓurɓushi a Ruwan Inna Tsaf

Shekara talatin Inna Tsaf ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin binciken jini da ke hawa na biyu, kuma a cikinsu babu ranar da wani ya mayar mata da kwalba ya ce a sake. Ni ne mai sito a ginin. Ƙofata tana kallon tata, baranda ce kawai tsakaninmu, saboda haka yawancin abin da zan faɗa daga kan kujerata na gan shi. Sauran ita ta gaya mini daga baya, kaɗan-kaɗan, kamar mai cire ƙaya.

Da goyo a baya ta zo ginin, aikin shara aka ba ta. Mijinta direban bas ne, ya fita da sassafe ya dawo da yamma liƙis, ita kuma ba mai iya zama ba ce. Tsohon Farfesan da ke riƙe da sashen a lokacin ya wuce wata rana ya tarar da ita a durƙushe tana goge ƙarƙashin tebur, wurin da ba mai leƙawa. Ya tsaya ya yi kallo, ya wuce. Mako na zagayowa aka ba ta farar riga da safar hannu, aka nuna mata kwamin wanki. Shi ya fara ce mata Tsaf, ɗalibai suka ƙara Inna a gaba tun kafin furfura ta fito mata.

Ɗakinta siriri ne, da taga ɗaya mai kallon wurin ajiye motoci. Kwami biyu a jere, allon turaku a bango inda ake kife kwalabe su tsane, akwatin busarwa a kusurwa, sai kujerar katako da aka ɗaure ƙafarta da waya. Ƙa'idarta ba ta canzawa: jiƙo, buroshi, ɗauraya uku da ruwan famfo, uku da tataccen ruwa. In ta gama sai ta murza yatsa a jikin kwalbar ta kasa kunne. Kwalbar da ba ta yi kuka ba sai ta koma ruwa.

Mijinta ya taɓa gaya mini cewa a gida har sabulu take ɗaurayewa kafin ta ajiye. "Ni kaina ban tsira ba, Mai Sito," in ji shi. "In na daɗe a zaune wuri ɗaya sai in ga ana neman inda za a kife ni in tsane." 'Ya'ya huɗu suka haifa. Babbar ta zama nas, tun daga nan yake kiran matar tasa Maman Nas.

Akwai wasu shekaru da kaya suka daina zuwa sito. Ba zan ce laifin wane ba ne. Nakan buɗe ƙofa da safe in zauna ina gadin kantoci wayam. Ɗakunan bincike sun yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, amma na hawa na biyu bai tsaya ba, kuma tsohon Farfesa yakan ce Inna ce ta riƙe ɗakin da hannu biyu. Daga baya ya yi ritaya, kaya suka dawo, mutanen wancan lokaci suka watse. Mu biyu muka rage waɗanda suka san abin da yake nufi, mu ma mun daina tunawa.

Wata sabuwar na'urar gwajin jini ta zo tare da Dakta, wata doguwar yarinya mai tabarau, sa'ar 'yar Inna ta biyu. Aka gyara ɗakin da ke jikin na wanki, aka sa masa sanyi, aka sa kwaɗo. Mutum huɗu ke da makulli: sabon Farfesa, Dakta, Injiniya, sai Inna, don ita ke shigar da tataccen ruwa da wankakkun kwalabe kowace safiya. Ta zura nata a igiya ta rataya a wuya, ta cikin riga.

Injiniya ne ya yi mana bayani, ni da ita, ranar da aka kunna. Gajere ne mai surutu, kullum da biskit a aljihu. Shi yake ƙera abin da suke ce wa kati, wani ɗan falle na roba garau kamar ƙanƙara, bai kai tafin hannu ba, manne a kan gilashi. A cikinsa akwai hanyar ruwa da ba ta kai kaurin gashin kai ba.

"Inna, kin san layin asibiti? Kowa ya bi bayan wani, ba tsallake?"

"Na san layin, amma ban taɓa ganin wanda ba a tsallake ba."

"To nan ba a tsallakewa. Ruwa ne ke matse abin gwajin ta dama da hagu, har duk abin da ke ciki ya shiga layi ɗaya-ɗaya. In ya iso daidai nan sai haske ya haska shi, kyamara ta ɗauke shi hoto. Kowa da hotonsa, kamar na fasfo. Dubbai kafin ki ƙifta ido."

"Tsohuwar na'urar ma ai tana ƙirgawa."

"Tana ƙirgawa, amma makauniya ce. Tana jin wucewar mutum, ba ta ganin fuskarsa. Wannan kuwa har tabon goshi."

Abin da Dakta ke nema ba ƙwayoyin jini ba ne, ɓurɓushin da ƙwayoyin ke zubarwa ne in jiki yana ciwo. Ƙanana ne ƙwarai, sai an sa musu wani rini da ke kama su su yi haske kafin kyamara ta gan su. Tana so ta gane ko yawansu zai iya nuna cewa ƙodar mutum ta fara lalacewa tun kafin ya ji a jikinsa. Marasa lafiya sun ba ta jininsu, tana ajiye shi a firij. Kowace safiya kafin ta taɓa jini sai ta zuba ruwa zalla da rini a cikin 'yar roba mai murfi, irin siraran nan da ake cika durowa da su, ta ba na'ura ta sha, don ta tabbatar hanya babu komai. Watannin farko allon kwamfuta yakan fito baƙi ƙirin, abin da ake so ke nan.

Wata Talata sai allon ya cika da ɗige-ɗigen haske, alhali ruwa ne kawai. Laraba ya fito baƙi. Alhamis baƙi. Juma'a ɗige-ɗige. Aka sake ruwa, aka sake rini, aka sake kati, aka wanke na'urar ciki da waje. Abin ya ɗauke kwana huɗu, aka fara sakin jiki, ya dawo. Dakta ta daina cin abincin rana, domin in ruwa zalla zai iya yin ƙarya, ba ta san wane jini ne ya gaya mata gaskiya ba.

Sabon Farfesa mutum ne mai gugaggen kaya, ba ya ɗaga murya. Shi da tsohon ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba, kuma an kawo masa labari cewa tsohon ya ce a wani taro na'urar nan abin wasan yara ne. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, ban sani ba, ba na wurin. Abin da na ji da kunnena shi ne abin da sabon ya faɗa a baranda: "Ruwa ba ya tsami banza. Abin da ke zuwa yau ya ƙi zuwa gobe, hannu ne ke kawo shi."

Ranar da ya kira Inna ofis na kai masa kwalin safar hannu, ƙofa a buɗe take, bai ce in fita ba.

"Inna, kina zuwa gaida tsohon maigidanki?"

"Ina zuwa, ranka ya daɗe. Ba shi da lafiya."

"Yana tambayar aikinmu?"

"Yana tambayar kowa."

"Me kike ce masa?"

"Ina ce masa kowa lafiya."

Ya juya biro a hannunsa ya daɗe. "Ban ce kin yi komai ba," in ji shi. "Amma ruwan nan ta hannunki yake bi, kwalaben nan ma haka. In wata ya ƙare ba a gano ba, zan karɓi makulli, ki koma ƙasa wurin masu shara har ki cika shekara biyun da suka rage miki. Ba hukunci ba ne, gwaji ne. Mu ga ko zai tsaya."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe." Ta fito ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Ba sharar ce ta dame ta ba, daga nan ta fara. Abin da za a ce ya mayar da ita can ne, bayan shekara talatin.

Daga ranar hawa na biyu ya canza. In ta shiga ɗakin shan shayi hira takan mutu, cokali kawai ake ji. Dakta tana gaishe ta kamar kullum, "Inna ina kwana, ya ƙafar?" amma idonta a kan hannun Inna yake. Sai Inna ta fara ganin salatif a kan murfin kwalaben ruwa, da sa hannun Dakta a gicciye. Ta ga ɗan layin fensir a jikin jarka, daidai inda ruwa ya tsaya. Ita ma ta ɗana nata tarkon, ta riƙa maƙale zare a saman ƙofar ɗakin na'ura in za ta tashi, da safe ta duba ko ya faɗi.

"Mai Sito," ta ce da ni wata rana, muryarta ƙasa-ƙasa, "kai da ke zaune nan kamar gunki, wa ke shiga in na juya baya?"

"Masu makulli."

"Gajeren nan fa? Da baki cike?"

"Yana shiga. Ke ma kina shiga."

Ta kalle ni ta daɗe. Gaskiya ita ce ni ma na fara lura da jakarta, yadda take shigowa da ita da yadda take fita. Mun shekara talatin muna raba ruwan zafi daga fulas ɗaya, amma zato ba ya neman izini kafin ya shigo. Ta gane, ta daina miƙo mini kofi.

Saura kwana tara wata ya ƙare sai iska ta juya. Kati ya toshe sau uku a jere, ruwa ya ƙi wucewa. Farfesa ya sauka ɗakin Injiniya ba sanarwa, ya tarar da shi yana huda kati ba hular aiki, da ledar biskit a buɗe a durowa. Bai yi faɗa ba. Ya tambaye shi kawai yaushe takardar aikinsa ke ƙarewa, don tasa ta shekara-shekara ce. Kafin la'asar kowa ya ji zargi ya koma kan Injiniya, tafiyarsa ta kusa. Washegari aka dawo da gaida Inna da fara'a, har da waɗanda ba sa gaishe ta da can. Dakta ta ɓare salatif daga kwalabe, ta haɗa shayi ta kai mata har bakin kwami.

"Inna, ki yi haƙuri. Kaina ne ya ɗauki zafi."

"Ba komai, 'yar nan. Amma tunda kun ce kowa da hotonsa, nuna mini fuskar ɓarawon da aka kusa kora ta saboda shi."

Dakta ta yi dariya, ta ja mata kujera gaban allo. Hotunan a jere suke, kowanne a ɗan akwatinsa, ɗigon haske a cikin baƙi. Inna ta gyara tabaranta ta duba.

"Waɗannan ai ba su da fuska. Babu manyansu?"

"Akwai. Na ce wa kwamfuta ta ware su gefe, sun fi ƙarfin abin da nake nema." Ta danna, wasu hotunan suka fito. "Ga su. Ba biskit ba ne ma, da na gane shi. Ina jin robar kati ce ke tsinkewa in yana hudawa."

Waɗannan suna da fuska. Dogaye ne sirara, a lanƙwashe, baki ɗaya da kauri ɗayan da tsini, kamar abin da ke zuba in ana feƙe fensir. Duk gefe ɗaya suka naɗe. Inna ta daɗe tana kallo har Dakta ta tambaye ta ko lafiya. Ta ce lafiya lau, ta gode. Da za ta fita ta buɗe durowar robobi ta ɗebi cikin hannu, ba wanda ya kula, don kullum tana taɓa durowar.

A ɗakinta ta jera su a bakin taga. Wasu garau suke har ƙasa. Wasu kuwa in rana ta ratsa su sai ka ga ɗan dishi-dishi a gindi, zagaye a kan zagaye, daidai inda kan buroshi ke juyawa.

Yanzu sai in faɗi abin da muka daina tunawa. Robobin nan an rubuta a ledarsu amfani ɗaya a jefar. A shekarun da sito ya bushe, Inna ce ta fara tsince su daga kwando. Waɗanda suka taɓa jini ba ta ko kallonsu, wuta ake kai su. Amma waɗanda ruwa kawai suka ɗauka, ko ruwan gishiri, sai ta wanke su yadda take wanke gilashi, ta busar, ta dafa su a tukunyar tururi, ta mayar durowa. Da su aka yi aiki shekara da shekaru, tsohuwar na'ura ba ta taɓa yin ƙorafi ba, don manyan ƙwayoyi kawai take ji. Kaya suka dawo, ba wanda ya ce ta daina, ita kuma hannunta ya saba. Tana yi da safe kafin kowa ya iso, ba don ɓoyo ba, lokacin da kwami ke sarari ke nan. Gilashi yana jure buroshi. Roba kuwa tana feƙewa, kuma rinin Dakta yana kama roba kamar yadda yake kama abin da take nema. Watannin farko da kwalin da ya zo tare da na'ura aka yi aiki. Da ya ƙare aka koma durowa, inda sababbi da wankakku ke kwance tare. Ranar da hannun Dakta ya faɗa kan sabuwa allo ya yi baƙi, ranar da ya faɗa kan ta Inna ya cika da haske.

Ta tsallako baranda ta zauna a kan kwali a cikin sito, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Mai Sito, yaushe rabon da ka ba hawa na biyu robobi?"

"An kwana biyu."

"Ba ka yi mamaki ba?"

"Na yi. Na ji daɗi kuma."

Ta buɗe tafinta ta nuna mini biyu. Ban iya bambanta su ba sai da ta juya su a haske. A ƙasa ana jin Injiniya yana ja da mai gadi kan inda ya ajiye babur, amma ba da irin muryarsa ta kullum ba.

Ranar Asabar da rana ta gaya wa mijinta. Ya yi ritaya a lokacin, yana zaune a ƙofar ɗaki yana kwance wata tsohuwar rediyo da ba ta da niyyar gyaruwa. Ya saurara har ta gama, bai ajiye sukundireba ba.

"Maman Nas, wa ya sani?"

"Ni da Mai Sito."

"Mai Sito ko an taka shi ba ya magana. Ki daina wankewa, ki kwashe tsofaffin ki zubar, ruwa ya gyaru da kansa."

"A ce tafiyar Injiniya ce ta gyara shi."

"Ke kika sa masa biskit a aljihu?"

Ya ajiye rediyon ya juyo. "Kin san abin da za su ce? Ba za su ce kin manta ba. Za su ce aiko ki aka yi. Mutumin nan tun farko abin da yake son ji ke nan, ke kuma za ki kai masa har kan tebur."

"Za su ce."

"To?"

"Yarinyar nan tana da jinin mutane cike da firij, ba ta san wanne ta auna da wace roba ba. In na yi shiru za ta ɗauka na baya duk laifin kati ne, ta tsinci waɗanda ta ga dama ta yarda da su. Ranar da za a gaya wa wani ƙodarsa lafiya lau ko ta lalace, da buroshina a ciki."

"Shekara biyu suka rage miki."

"Na sani, Maigida. Ni na yi talatin ɗin."

Ya koma kan rediyonsa. Da ta tashi za ta shiga ciki ya ce, ba tare da ya ɗago ba, ta goge farar rigar da kyau ranar Litinin.

Litinin da safe ta jira Dakta ta cire jaka ta wanke hannu, sannan ta ajiye mata roba biyu a kan tebur.

"Dakta, zuba ruwanki a wannan, ki zuba a wannan. Ruwa ɗaya, kati ɗaya."

"Me ya faru, Inna?"

"Zuba dai. Ta dama za ta fito baƙi."

Ta dama ta fito baƙi. Ta hagu ta cika allo. Dakta ba ta yarda da gwaji ɗaya ba, ta ɗebo goma daga durowa. Inna ta ɗaga kowace a haske ta faɗi ko baƙi za ta fito ko haske, kuma ba ta kuskure ko ɗaya ba. Injiniya yana tsaye a bakin ƙofa, ni ina bayansa. Da aka gama Inna ta faɗi sauran, a taƙaice, hannunta a haɗe a gaba.

Dakta ta cire tabarau ta ajiye. "Inna, a jikin leda an rubuta amfani ɗaya."

"An rubuta. Tun kina firamare an rubuta."

"Mako shida muna neman abin nan. Me ya hana ki faɗa?"

"Ruwa kuka tambaye ni, da kwalabe. Ba wanda ya tambaye ni robobi, ni ma ban tambayi kaina ba. Ranar da kika nuna mini hoto na ga hannuna."

Dakta ta buɗe firij ta tsaya tana kallon ciki har ya fara ƙara. Daga baya ta gano cewa rabin jinin akwai ragowarsa, za a iya sake aunawa. Rabin kuwa ya ƙare, kuma cikin masu shi akwai waɗanda ba za a sake samun jininsu ba. Ranar dai ba ta ƙara magana da Inna ba.

Injiniya ne ya bi ta har bakin kwami. Ya daɗe yana sosa ƙeya, abin da ban saba gani ba. "Inna, da kin yi shiru ai da na tafi da biskit ɗina."

"Da ka tafi. Ka sa hularka dai."

Farfesa ya kira ta bayan azahar. Wannan karon ya rufe ƙofa, ita ta gaya mini yadda aka yi. Ya tambaye ta wa ya ce ta riƙa wanke robobi. Tana da amsar da yake jira, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, don tsohon ya sani har ya yaba. Ta ce masa hannunta ne. Ya sake tambaya ta wata fuskar, ta sake ce masa hannunta ne.

"Mako shida kafin ki tuna," in ji shi. "Kuma sai da zargi ya bar kanki."

"Haka ya zo, ranka ya daɗe."

Ya buɗe tafin hannu a kan tebur. Ta cire igiyar daga wuya ta ɗora masa.

Ba a mayar da ita shara ba. Dakta, wadda ta kwana uku ba ta gaishe ta ba, ita ce ta shiga ofis ta ce ba za ta karɓi kwalba daga hannun kowa ba sai na Inna. Aka bar ta a kwaminta, amma ɗakin na'ura ba ta sake taka shi ba har ta yi ritaya. Aka ajiye ɗan benci a bakin ƙofa, nan take sauke ruwa da kwalabe ta ƙwanƙwasa ta juya. Farfesa bai taɓa yarda mantuwa ce ba. Har yau a ginin akwai masu cewa tsohon ne ya sa ta, akwai masu cewa ta faɗa ne don ta ga za a kama ta. Ni ma an kira ni an tambaye ni. Na faɗi abin da na sani, wanda bai kai abin da ya kamata in sani ba.

Satin da ya biyo baya aka kafa doka cewa duk robar da aka yi amfani da ita a datse ta biyu kafin ta shiga kwando. Farfesa ya so a ba wani mutum aikin, aka rasa mai lokaci, ya dawo hannun Inna, da sharaɗin a riƙa yi a gabana. Da safe ta tsallako da kwandon da wani babban almakashi da ta aro daga gida. Ta zauna a kan kwali ta fara, ɗaya bayan ɗaya, ƙaf, ƙaf, tana zuba gutsattsarin a leda. Da ta kusa rabi ta ɗauko wata ta juya ta a hannu, ta buɗe murfin ta rufe.

"Mai Sito, wannan ko tabo babu. Ruwa kawai ta gani, shi ma na minti biyu."

"Datse, Inna."

Ta ɗan ƙara riƙe ta, sannan ta datse, ta kai hannu ga ta gaba.